A Takarda, Sito Ne

Na auna ɗakin Gwaggo Nezahat wata Talata a watan Nuwamba. Mita huɗu da uku, taga ɗaya a saitin takalman masu wucewa, bututun ruwan zafi guda uku sun ratsa saman ɗakin tsirara. Ma'aunin zafi na aljihuna ya nuna digiri ashirin da ɗaya. Ta rataye safa da jan barkono a jikin bututun. Tana bakin gado tana tsince wake, ido ɗaya a kaina.

"Bajamushe, shekara tara ka yi a can don ka koyo auna bango? Mai fentin unguwar nan da ido yake aunawa."

"Takarda za a yi wa gidan, Gwaggo."

"Tafiya zai yi?"

"Hawa na ɗaya za a sayar. Doka ta ce sai da takardar da ke nuna yawan gas da wutar da gida yake ci."

"Hawa na ɗaya." Ta jefa tsakuwa a faranti. "Ka ce ɗakin uwata."

A can ta yi jinyar kakata shekara goma sha takwas. Da aka binne tsohuwar, ƙanen Gwaggo, Baffa Rustem, ya ce ta ɗan sauko ɗakin ƙasa, na ƙarƙashin benen, kafin a gama fenti. Hunturu uku ke nan ana fentin.

Gidan kakana ne, bene hawa huɗu a Esenler, cikin Istanbul. Baffa da matarsa Sevim, wadda nake kira Yenge, suna hawa na biyu, 'yan haya a sama. Abin da aka samu na hawa na ɗaya ni da Baffa za mu raba, ni a madadin mahaifina marigayi. Gwaggo tun da daɗewa ta sa hannu ta bar wa 'yan'uwanta maza rabonta, kamar yadda matan ƙauyenmu na gabar Baƙin Teku suke yi.

Da na gama lissafi gidan ya fito E. Na kai wa Baffa labari yana shan shayi.

"E? Daga ina ake farawa, Injiniya?"

"Daga A zuwa G."

"Mu ne na biyar a ajin mutum bakwai ke nan. Dillali ya ce masu saye yanzu harafin suke fara tambaya kafin su tambayi banɗaki. C nake so. Me za a yi?"

Na jawo wani ambulan na rubuta abu huɗu a bayansa. A yi wa bangon waje rigar soso mai riƙe zafi. A canza tsohuwar tukunyar gas mai dafa ruwan ɗumama gida. A naɗe bututu. A manna allunan soso a saman ɗakin ƙasa, don zafin hawa na ɗaya ya daina zurarewa ƙasa.

"Amma sai an sa wa Gwaggo ƙarfen ɗumama ɗaki," na ce. "Waɗannan bututun su ne murhunta."

"Sai ka faɗa min? Yayata ce fa."

Da a nan na tsaya. Sai na ƙara, don a san na iya aiki: "Sai dai in an sa, ɗakin ya shiga lissafi. Bangonsa a cikin ƙasa yake, tagarsa gilashi ɗaya. Zai iya mayar da mu D."

Baffa ya daina juya cokali.

"A zanen gidan me aka rubuta a wurin?"

"Sito."

"To," ya ce, ya ninke ambulan ɗin ya sa a aljihu.

Kamfaninmu ya tura ni Ankara mako uku. Na dawo ranar ashirin ga Disamba na tarar da gidan ya sha sabuwar riga ruwan ƙwai, ya fi kowane gida a layin kyau. Na sauka matakala takwas zuwa ƙasa. Bututun sun sha baƙin soso, saman ɗakin ya sha farare. Barkonon yana zube kan jarida. Gwaggo tana zaune cikin babbar rigar sanyi da mayafi biyu.

Ma'auni ya nuna tara.

"Nawa ya ce?"

"Tara."

"Da nawa ne?"

"Ashirin da ɗaya."

"Ina sha biyun suka tafi? Kai ne mai ilimi."

"Suna sama."

"Madalla. Ba su bar dangi ba."

Na hau wajen Baffa. Yana tsaye a baranda yana shafa sabon bango kamar doki.

"Ina ƙarfen Gwaggo?"

"Kai da bakinka ka ce zai jawo mu D. Ni birkila ne, ban san harafi ba. Ka fitar da takarda, washegari a sa mata. Har na yi magana da mai aikin."

"Ɗakin digiri tara ne."

"A ƙauye mun kwana ƙanƙara na zubowa ta rufi. Waɗannan tsofaffin ƙarfe ne, ba irinku ba da kuka saba da ɗumin Jamus. Mako biyu ne kawai."

Mako biyu. Na ce a raina mako biyu ba ya kashe mutum. Na sayi hita mai aiki da lantarki na kai mata.

Hitar ta yi kwana huɗu. Ɗakin ƙasa ba shi da mita tasa, daga fitilar matakala aka jawo masa waya. Duk lokacin da ta kunna, wutar matakala sai ta ɗauke. Rana ta huɗu dillali yana hawa da wasu mata da miji, matar ta yi tuntuɓe a duhu. Da la'asar Yenge ta sauko da kwanon miya, ta koma sama da hitar a hammata.

Na same ta a kicin tana yanka albasa.

"Sedat, kai ma ka san wayar nan ta girme ka. Da soso a ko'ina, tartsatsi ɗaya ya isa. Ka fi son mu ƙone gaba ɗaya?"

"To ta hau hawa na ɗaya ta zauna. Ba kowa a ciki."

"Makullin yana hannun dillali."

"Akwai wani a bayan ƙofar nan. Ga shi can a rataye."

Ba ta waiga ba. "Ka san Yaya da miyar baƙin kabeji. In ta dafa sau ɗaya, warin sai ya yi wata a labule. Wa zai sayi gida mai warin kabeji? Kullum sai na aika mata abinci mai zafi. Na ba ta jakar ruwan zafi har biyu. Wace matar ƙane ce take yin haka a layin nan? Je ka tambaya."

"Ta sauko nan ɗakin baƙinku fa?"

"Kayan auren 'yata Elif ne a ciki har rufi. Ina zan kai su, kaina?"

Hawa na ɗaya kuwa kullum a kunne yake. Baffa ya sa a bar shi a digiri ashirin da biyu, don duk wanda ya shigo dubawa ya cire riga ya ce kai, gidan nan da ɗumi. Ɗaki uku da falo, babu ko kyanwa. A ƙarƙashinsa, bayan allunan da ni na rubuta, Gwaggo tana hura hannu.

Mako biyun suka wuce ban fitar da takardar ba, ban kuma ce ba zan fitar ba. Ina ta jan ƙafa.

A Janairu bango ya fara gumi. Baƙin tabo ya taso daga kusurwar gado ya nufi taga. Tari ya kama ta, busasshe da farko, daga baya mai nauyi. Wata Asabar da hantsi na zo ban same ta ba. Mai shagon kusurwa ya nuna min tashar bas da haɓa.

"Kullum ne. Takwas na safe take fita."

Na jira minti arba'in. Bas ya zo, na hango ta a kujerar baya, inda injin yake. Na shiga na zauna kusa da ita.

"Ina za ki?"

"Ƙarshen layi."

"Me za ki yi a can?"

"In dawo." Ta nuna min katin tsofaffi da ke rataye a wuyanta. "Gwamnati ta fi ƙanena. Ita ko ba komai tana kunna ɗumi, kuma ba ta tambayar me na dafa."

Direba ya ɗaga mata hannu ta madubi. Ta ɗaga masa.

"Wannan mutumin kirki ne. Na rana shi ne ɗan iska, yana buɗe taga."

"Gwaggo, ki zo wajena ki zauna."

"Hawa na biyar, babu lif, ɗaki ɗaya da kai da littattafanka. Wa zai ɗauke ni, kai? Dubi hannunka kamar na mai sayar da turare." Tari ya tsare ta, ta jira ya wuce. "Kuma in na kwana ɗaya a waje, Rustem zai canza makulli. Haka ya yi min a sama. Ni na goya shi a gonar shayi, na san shi tun yana fitsari a bayana. A gidan ubana aka saukar da ni ƙasa. Daga nan sai ƙasar gaske, ba sai titi ba."

Mun je ƙarshen layi mun dawo. Da muka shiga ɗakin na ɗauki wuƙar yanka burodinta, na hau kujera, na tsarge baƙin soson daga wannan bango zuwa wancan. Bututu uku suka fito. Ta miƙa hannu ta dafa ɗaya, ta daɗe ba ta sauke ba.

"Ashe kana da amfani," ta ce.

Na hau na gaya wa Baffa abin da na yi, na kuma ce ba zan sa hannu a takardar da ta kira ɗakin sito ba.

"Sai yanzu? Bayan na zuba duk abin da na tara a bango?"

"Mutum ne a ciki."

"Ka ji shi. Mutum ne a ciki. Shekara tara wa ke kai ta asibiti? Wa ke sai mata maganin hawan jini? Kai kana can kana aiko hoto da dusar ƙanƙara, yau ka dawo za ka koya min riƙon 'yar'uwa. Rabin kuɗin nan aljihun wa zai shiga? In kana da zuciya ka ce ba ka so."

Ban ce ba na so ba. Na ce a sa mata ƙarfen, ko D ne ma a sayar.

"D ɗin gidanku," ya ce. "Kai kaɗai ne injiniya a Istanbul?"

Ɗakin ya hau digiri goma sha biyar, ya zauna a haka kwana biyu. Rana ta uku aka sake naɗe bututun, wannan karon har da waya. Baffa ya samo wani ofishi da ba sa zuwa gida, hoto kawai ake tura musu ta waya da zanen gini. Sai dai hoton sito ba ya yiwuwa da gado a ciki.

Ban ga wannan da idona ba, mai shago ne ya ba ni labari. Da azahar aka fito da gadonta da katifa da akwati da tukwane aka jera a tsakar gida ta baya, ana yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Aka shigar da tsofaffin tayoyi biyu da gwangwanayen fenti da keken jikan Baffa. Aka ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Ita tana zaune a kan matakala da jakarta a cinya. Baffa yana ce mata, "Minti goma, Yaya, minti goma." Leburorin da aka ɗauko suka tafi cin abinci. Sai bayan la'asar aka mayar da kayan. A kan wannan katifar ta kwana.

Takarda ta fito cikin kwana shida. C, a cikin kibiya koriya. Baffa ya sa mata gilashi ya kafa a bakin ƙofar shiga, saitin ido.

"Ga ta nan," na ce. "A kira mai aikin."

"Mai duba gida daga bankin mai saye zai zo mako mai zuwa. In ya ga ƙarfe a sito zai rubuta cewa gini ya saɓa wa zane, a fasa ba da bashi. Ka fi ni sanin wannan. Ya zo ya tafi, washegari."

Na fi shi sani. Gaskiya ya faɗa.

Mai dubawar ya ɗaga zuwansa sau biyu. Ranar da ya zo aka sake fitar da gado. Sannan aka ce a bari a sa hannu a ofishin rajista tukuna, kada mai saye ya leƙa ya canza ra'ayi. Na kawo mata barguna uku. Na kawo wata hitar, ta ce in mayar, ba ta son Sevim ta sake shigo mata ɗaki tana ƙamshin turare. Na kan zo ranar Asabar in duba ma'auni. Takwas. Bakwai. Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe tagar, biyar.

Ta daina hawa bas, don matakala takwas ɗin sun fi ƙarfinta. Yenge ta ce mura ce, ta aika da shayin ganye da zuma. Ranar tara ga Fabrairu kwanon miyar jiya yana bakin ƙofa ba a taɓa ba. 'Yar hayar hawa na uku ce ta kira motar asibiti.

Likita ya ce sanyi ya kama huhu biyun. Ya tambaye ni inda take kwana, na ce a gida. Ya kalle ni ya ci gaba da rubutu.

Kwana na biyar ya ce a kira dangi. Baffa ya zo bayan sallar Juma'a da hularsa ta masallaci, Yenge na biye da shi da ledar lemo. A wajenmu ba a barin mutum ya tafi ba a nemi yafiyar haƙƙi ba. Ya durƙusa bakin gadon, ya kama hannunta zai sumbata ya kai goshi. Ta janye.

"Yaya, kin yi mana wahala da yawa. Ki yafe min haƙƙinki."

Ta ture abin numfashi daga bakinta. "An sayar?"

"Jiya aka sa hannu."

"An sa ƙarfen?"

"Ran Litinin, in Allah ya yarda. Kina dawowa za ki tarar da ɗaki kamar tanda."

"To ka dawo ran Litinin."

"Yaya, ba a wasa da wannan maganar."

"Wa ke wasa? Kwana biyu ne kawai, Rustem. Ka yi haƙuri. Kai ƙarfe ne."

Yenge ta sa gefen mayafi a ido. "Zazzaɓi ne ke magana, ba ita ba."

"Sevim, ɗauki lemonki. Za su ba ɗakin wari."

Suka fita. Na ji Baffa a baranda yana gaya wa wani a waya cewa ta fita hayyacinta, ba ta gane mutane. Na matso kusa.

"Ni fa, Gwaggo?"

Ta juyo ta kalle ni.

"Rustem kwaɗayi ne da shi, tun yana yaro. Sevim kuwa ba ta taɓa sona ba, ni ma haka. Su ba su san biyar da ashirin ba, suna cewa mura ce." Ta ja numfashi. "Kai kana da abin nan a aljihu. Duk Asabar ka duba, ka faɗa min lamba, ka tafi."

Ta mayar da abin numfashin da kanta, ta juya fuska bango.

Ta rasu ranar Lahadi da hantsi.

Aka kawo makara ƙofar gida kafin a wuce masallaci, kamar yadda ake yi, aka ajiye a kan tebur biyu a gaban sabon bangon. Liman ya tambayi jama'a yadda suka san marigayiya, aka ce mun san ta da alheri. Ya ce, kun yafe mata haƙƙinku? Sau uku ya tambaya, sau uku aka ce mun yafe. Muryar Baffa ta fi ta kowa. Yenge ta tuƙa halawar garin alkama ta sadakar mamaci mai yawa, ta isa layin gaba ɗaya, kowa ya yaba. Wata maƙwabciya ta ce Allah ya saka wa Rustem, ba kowa ke riƙe 'yar'uwa har ƙarshe ba.

Liman masu rai kaɗai yake tambaya. Wadda ke cikin makara an riga an tambaye ta ranar Juma'a, mu uku muka ji amsar, kuma babu wanda ya maimaita.

Bayan addu'ar arba'in na koma ɗaukar akwatinta. Ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe take, an yi fenti, tabon bango ya ɓace. Wani mutum yana durƙushe ƙarƙashin taga yana ɗaure farin ƙarfe mai haƙarƙari goma. Baffa yana tsaye a kansa.

"Ɗalibai biyu ne za su kama," ya ce, bai kalle ni ba. "Ka san 'yan yanzu, ba sa shiga ɗakin da babu ɗumi. Takardar kuma shekara goma take yi, babu mai sake dubawa."

Na tambayi mai aikin tun yaushe ya fara.

"Bayan na karya kumallo. Ai ba wani aiki ba ne, ga bututu nan a saman kai. Reshe kawai za ka ja."

Na tsaya har ya gama. Ya buɗe makunni, ƙarfen ya yi ɗan ƙara, ruwa ya shiga. Na duba agogo. Awa ɗaya da minti hamsin.

Takardar tana nan a bakin ƙofa. Duk wanda zai shiga gidan sai ya wuce ta gabanta. Ba sa hannuna ba ne a ƙasanta, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne: gidan ba ya zubar da zafi. Ko digiri ɗaya ba ya bari ya sauka ga wanda ba a rubuta sunansa a zane ba. Rabona ya shigo a watan Maris, ban mayar ba. Ambulan ɗin yana wajen Baffa, ya ce zai nuna wa wani abokinsa da ke son sayar da nasa gidan a unguwar Bayrampasha. Abu huɗu ne a bayansa, da rubutuna. Na biyar ɗin, ƙarfen Gwaggo, da baki na faɗa.